Kwana a daji da iyali: shirin da ake gamawa kafin rana ta faɗi

Wanda zai fita da mata da yara su kwana a fili, ko a gandun dajin Yankari ne, ko na Sumu a jihar Bauchi, ko gindin duwatsun Tula a jihar Gombe, ya sani cewa yawancin abin da ke ɓata tafiya a ƙasa yake, kuma da dare yake fitowa. Giwa da zaki ba su ne abin fargaba na farko ba. Maciji, kunama, sauro, garwashi da ruwan sha su ne ke mayar da mutane gida ba shiri. Don haka a isa wurin kafin la'asar, a gama kafa komai da sauran hasken rana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ciyawa ta bushe, ana ganin inda ake taka ƙafa, sauro ya ragu. Sai dai sanyin hunturu da asuba ba ya wasa, don haka kowane yaro ya samu bargo, rigar sanyi, safa da man shafawa. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan kai digiri 40, ƙananan yara ba sa jurewa.

Kafin a tashi, a tambayi halin tsaron hanya daga mutanen yankin, ba daga jita-jitar waya ba. Idan kusa da ƙauye za a sauka, a fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, shi zai nuna inda ya dace, kuma ya san akwai baƙi. A wurin da ke da hukuma kamar Yankari, wanda ke ƙaramar hukumar Alkaleri, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi, ma'aikata ake tambaya inda aka amince a kafa tanti, kuma ba a kutsawa daji sai da ɗan rakiya. A bar wa wani a gida sunan wurin da ranar dawowa, domin sabis ɗin waya yakan ɗauke. Mota ta tafi da cikakken tanki, safayar taya mai iska da jak, kuma a ajiye ta tana fuskantar hanyar fita.

Ruwa a lissafa shi, kada a yi kirdado. Babba na bukatar lita 3 zuwa 4 na sha a yini, ga girki, ga alwala. Iyali mai mutum shida da za su yi kwana biyu su ɗauki jarka uku masu lita 25, a ware biyu don sha kawai. Ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, sai ya tafasa sosai na minti ɗaya aƙalla. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa lita 1 na tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Wurin kafa tanti ya zama tudu, shimfiɗaɗɗe, nesa da busasshen kwari, domin ruwan da aka yi a wani gari kan iya cika shi cikin dare. A guji gindin suri, tarin duwatsu, ruɓaɓɓen kututture da bishiyar da zuma ta yi gida. A share fili kamar taku biyar ta kowane ɓangare har sai ƙasa ta fito fes. A shimfiɗa tamfol, a ɗora tabarma ko katifa, a rataya gidan sauro mai magani a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Zif ɗin tanti a rufe yake ko da rana.

Maganar maciji tana bukatar a tsaya a kanta. Kudancin Gombe, wato Kaltungo, Billiri da Balanga, har zuwa Alkaleri, ƙasar kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, kuma da dare take yawo. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai ga dasashinsa na zubar jini, ko tsohon rauni ya ɓalle, wani lokaci bayan awanni yana ganin kamar ya tsira. Kowa ya sa takalmi sau-ciki da dogon wando bayan magariba, kowa da tocilarsa a hannu, har da yara. Itacen wuta da rana ake tarawa, ana fara taɓa shi da sanda. Da safe a kife takalmi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, kunama na son ɗumin cikinsa.

In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin da reza, domin jinin ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, ɗaurin na iya kashe ƙafar. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin kumburi ya hau, a kwantar da mutum, a tallafe gaɓar da sanda kamar mai karaya, a ɗauke shi zuwa mota ba tare da ya yi tafiya ba. A lura da lokacin da abin ya faru. Allurar kashe dafi a asibiti take, kuma a Kaltungo akwai asibitin da ya keɓanta da saran maciji. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Ɓata lokaci wajen neman macijin ko jiƙa sassaƙe shi ke jawo asarar rai.

Wuta kuma a haƙa mata ɗan rami, a kewaye da duwatsu, taku goma daga tanti, ta ɓangaren da iska ba za ta kai tartsatsi kansa ba. Bokitin ruwa ya zauna kusa. Duk tsananin sanyi, ba a shigar da kurfoti ko garwashi cikin tanti. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Janareto ma haka, a nisanta shi. Yaron da ya ƙone a zuba wa wurin ruwan sanyi na minti 20, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba.

A sansanin Wikki da ke cikin Yankari, gwaggon biri ya saba da mutane, yana fizge leda daga hannun yaro, yana shiga motar da aka bari a buɗe. Abinci ya zauna a kula cikin mota a kulle, kada a miƙa musu komai. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗumi ne, kusan digiri 31, kuma garai yake har ana ganin yashi, wannan ke ruɗar yara su ɗauka ba zurfi, alhali wani wurin ya shanye babba. A sa mutum ɗaya aikinsa kawai kallon yara, ba waya a hannunsa. Madatsar ruwa irin ta Dadin Kowa da kududdufai ba wurin wanka ba ne, saboda tsargiya da dorina.

Ranar tashi, a naɗe tamfol da sanda a hannu, ana ɗaga gefe ɗaya a hankali, don wani abu kan kwana ƙarƙashinsa. A zuba wa toka ruwa, a juya, a sake zubawa har ta huce a tafin hannu, sannan a kwashe leda da gwangwani a tafi da su. Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu da dawowa a kai shi gwajin maleriya ranar da ya fara.