Kurakuran masu jitar bes wajen sayen tsirkiya mai santsi

Cikin wata biyu yara uku suka zo mini da jitar bes a rataye, kowanne da kuka iri ɗaya: "Oga, na sa filat ɗin nan, amma sautin jaz ɗin bai fito ba." Na ƙarshensu tun daga Samaru ya shigo mota har Sabon Garin Zariya, wuyan jitarsa ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Ga wanda bai sani ba, filat ita ce tsirkiyar da aka naɗe bayanta da zirin ƙarfe mai faɗi, ka shafa ka ji sumul. Rawun kuwa da waya mai zagaye ake naɗe ta, shi ya sa take da kaushi, take ƙara idan yatsa ya zame a kanta. Lokacin da kamfanin Fender ya fito da jitar bes ɗinsa Precision Bass a 1951, filat ce a jikinta, kuma da irinta Monk Montgomery ya shigar da bes ta lantarki cikin jaz a ƙungiyar Lionel Hampton. Sai a shekarun 1960 kamfanin Rotosound na Ingila ya yayata rawun. Saboda haka mai neman amo mai ɗumi irin na babbar bes ta tsaye bai ɓata hanya ba da ya nufi filat. A wajen zaɓe ne ake yin ɓarin.

Babban kuskure, wanda ni ma ya taɓa cin kuɗina da mutuncina, shi ne sayen mafi kauri. Yaro ya ji an ce marigayi James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown, da tsirkiyoyin La Bella masu kauri yake kiɗa, masu kaurin inci .052 zuwa .110, shi ke nan ya ɗaura aure da su. Bai tambaya ba: wane ne Jamerson? Mutumin da ya taso da bes ta tsaye ne, hannunsa ya saba da tsirkiya mai tauri da ta yi nesa da katako, da yatsa ɗaya yake fizga. Kai da ka fara kiɗa bara a kan jita ta hannu wadda ba ka san shekarunta ba, ina kai ina wannan kaya?

Ni a watan Disamba na yi tawa wautar, hunturu ya kankama. Na ɗaura saiti mai kauri ranar Laraba, ranar Asabar muna da biki a Tudun Wada. Ban duba wuyan jitar ba. Dama iskar hunturu tana busar da katako ta sa wuya ya ɗan rusuno gaba, ga kuma sabon nauyi na ɗora masa. Kafin mu gama waƙa ta huɗu tsirkiyoyin sun yi sama har ɗan yatsa na iya wucewa ƙarƙashinsu, hannuna na hagu ya ƙage, kiɗan yana fita a karkace. Mai ganga yana harara ta, ni ina murmushin yaƙe. Da na koma gida, maimakon in kwanta, sai zuciya ta ɗebe ni na ɗauko alanki na kama sandar ƙarfen da ke cikin wuyan na yi ta murɗawa, tsirkiya na ɗaure tam. Sai na ji ƙas. Wannan ƙarar har yau tana kunnena. Wata uku jitar tana jingine a bango kafin in sami wani wuyan.

Abin da nake yi yanzu: ina farawa da marasa kauri, wajen .043 ko .045 zuwa .100, domin galibi filat ta fi rawun tauri a hannu ko da lambarsu ɗaya. Bayan na ɗaura, sai in danne tsirkiya mafi kauri a firet (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) na farko da na ƙarshe, in leƙa tsakiya. Idan tazarar ta wuce kaurin katin waya, wuya na neman gyara. In sassauta tsirkiya, in murɗa sandar kwata ɗaya kacal, in bar ta ta kwana. Wasu na cewa ba sai an jira ba. Su suka sani, ni na ji ƙas. Kuma a Zariya sau biyu nake dubawa a shekara, shigowar hunturu da faɗuwar damina, don katako yana numfashi da yanayi.

Na biyu shi ne tsawo, kuma nan ne raina ya fi ɓaci, don kuskure ne da tef ɗin tela zai hana. Yawancin bes inci 34 ne, amma akwai gajeru masu inci 30 irin su Fender Mustang da Höfner. A ƙarshen tsirkiyar filat akwai wuri siriri da aka naɗe da zaren siliki, shi kaɗai ya kamata ya zagaye maɗaurin da ke kan jitar. Idan ka sa doguwa a gajeriyar jita, jikin mai kauri ne zai hau maɗauri, zirin ƙarfen ya buɗe, ta tsinke. Haka nan jitar da ake zuro tsirkiya ta bayan gangar jikinta: lanƙwasar da take yi kafin ta hau jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke zama a kai a gindin jita, ta yi wa filat tsanani, sai dai in ka sayi wadda aka yi musamman domin haka. Wani yaro haka ya yi. Wata guda yana jiran saƙo daga Legas, ya buɗe kwali da la'asar, kafin magariba babbar tsirkiyar ta tsinke. Ya zo yana ce mini, "Oga, jabu suka sayar mini." Na ce, ƙanena, ba jabu ba ce, kai ne ba ka auna ba. Kuma filat ba abin da za ka zagaya kasuwar Sabon Gari ka samo guda ɗaya ba ne, sai ka sake sayen saiti sukutum. Ka auna daga inda ƙwallon tsirkiya ke zama zuwa ƙashin da ke saman wuya, ka rubuta, sannan ka tura kuɗi. Kafin ka yanke saura kuma, ka lanƙwasa bakin da filaya tukuna don kada naɗin ya warware.

Tunda an ambaci ƙashin nan, idan tsirkiya ta ƙi zama cikin tsagarsa kada ka danna da ƙarfi, fashewa zai yi. A faɗaɗa tsagar a hankali.

Sai rashin haƙuri. Haba jama'a! Ka kashe kuɗin da ya isa ka sayi rawun saiti biyu ko uku, bayan kwana biyar ka cire wai tana ƙarar ƙarfe? Sabuwar filat dole ta yi wannan ƙarar. Sai ta sha gumi da hannu na makonni kafin ta kwanta, daga nan kuma ta yi ta daɗi shekara da shekaru. Jamerson ba ya canza tasa sai ta tsinke. Wadda ke kan jitata yanzu ta ga hunturu huɗu. Tsumma busasshe kawai nake goga mata bayan kiɗa saboda ƙura. Masu dafa tsirkiya a tukunya don ta koma sabuwa, wannan dabarar 'yan rawun ce, kai tsufan kake nema.

Wani abin da ba a faɗa wa yara shi ne ba duk filat ce ɗaya ba. D'Addario Chromes suna da haske sosai. Steve Harris na ƙungiyar kiɗan rok mai zafi ta Iron Maiden filat na Rotosound yake sawa, kuma duk wanda ya ji kiɗansa ya san ba ruwansa da sanyin jaz. La Bella na da zurfi da dukan ƙirji. Thomastik-Infeld na Austiriya laushi gare su, muryarsu a tsakiya take, suna waƙa, sai dai mai nauyin hannu zai ji suna kaɗawa suna dukan firet. A kunnena, baƙar nan da aka naɗe da nailan ita ta fi kusa da bes ta tsaye, ko da yake abokan kiɗana da yawa ba su yarda ba.

Ƙarshen abin da na nuna wa yaron Samaru bai shafi saye ba. Bayan mun miƙar da wuyan, na ga yana fizga a gindi kusa da jaki da kan farce, ya kuma murɗe bes ɗin amfilifaya har ƙarshe, ɗakin na ruri kamar janareta. Bes ta tsaye ba ruri take ba, duka take yi ya mutu da wuri, ka ji katako a ciki. Na mayar da maɓallan amfilifayar tsakiya, na rage hasken jitar, na matsar da hannunsa zuwa inda wuya ya haɗu da jiki, na ce ya ja da gefen tsokar yatsa. Sannan na yanko ɗan soson tsohuwar katifa, kaurin yatsu biyu, na cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da jaki, yadda tsofaffin Fender ke zuwa da shi a ƙarƙashin murfi. Ya buga sau huɗu ya tsaya yana kallona.

"Oga, soson nan nawa ne?"

Na ce ya je da shi, akwai saura a bayan ƙofa.