Yadda Sabon Ɗalibi Zai Ci Moriyar Kwasa-kwasan Bai-ɗaya da Ofisoshin Tallafi a Jami'a

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a jami'a a Najeriya yakan ɗauka cewa duk al'amarinsa ya rataya ne a kan sashen da ya ɗauke shi, alhali akwai kwasa-kwasai da ofisoshi da jami'a ta tanada domin kowa da kowa, ko likitanci mutum yake karantawa ko Larabci. Da yawa daga cikin waɗanda karatu yake cije wa a aji ɗaya suna da ƙwaƙwalwa daidai gwargwado, abin da ya kayar da su shi ne sakaci da waɗannan abubuwa da kuma jin nauyin yin tambaya.

Mutum na farko da ya kamata ka nema bayan biyan kuɗin makaranta shi ne malamin da sashe ya naɗa domin kula da ajinku, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Shi ne ya san kwasa-kwasan da suka wajaba a kanka da waɗanda kake da zaɓi a cikinsu, kuma shi zai sa hannu a takardar rajistarka. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce kada nauyin karatun ɗalibi a zango ɗaya ya gaza yunit 15 ko ya haura 24, yunit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas. Idan za ka yi rajista a shagon intanet, ka zauna kusa da mai kwamfutar, ka karanta lambar kowane kwas da idonka kafin ya tura, domin kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka rubuta jarabawarsa, sakamakon ba zai shiga lissafinka ba. Ka buga takardar, a sa mata hannu, ka adana kwafi har ranar da za ka karɓi shaidar kammalawa.

Daga nan sai kwasa-kwasan bai-ɗaya, waɗanda aka daɗe ana kira GSP a Jami'ar Bayero da ke Kano, GENS a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, GST kuma a wurare da dama. A sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen shekarar 2022, ɗan aji ɗaya yana ɗaukar darasin sarrafa harshen Turanci da na al'ummomi da al'adun Najeriya, daga baya kuma falsafa da mandiƙi, da sasanta rikici, da koyon kafa sana'a. A nan ne ake yin asara mafi ciwo. Da yake ana koyar da su a manyan ɗakuna masu cunkoso, wani lokaci na baya ba ya ma jin muryar malami, sai ɗalibi ya raina su ya ce ai ba fanninsa ba ne.

Lissafin maki kuwa bai san wannan raini ba. A tsarin maki biyar, A tana da 5, B tana da 4, har zuwa F da ba ta da komai, kuma ana ninka makin da yunit ɗin kwas. A ɗauka ɗalibi ya yi rajistar yunit 18, ya samu B a duk kwasa-kwasan sashensa masu yunit 14, ya tara maki 56 ke nan. Idan ya samu B a kwasa-kwasan bai-ɗaya guda biyu masu yunit 2 kowanne, matsakaicin makinsa 4.00 ne. Idan ya faɗi su, sai a raba 56 da 18, ya dawo 3.11, wato ya fita daga rukunin digiri mai daraja ta biyu na sama, wanda ke farawa daga 3.50. Sannan dole ya sake ɗaukar su a shekara ta gaba a kan nauyin da ke jiransa, kuma ba a yaye kowa da kwantan irin wannan kwas. Saboda haka ka riƙa sammako ka samu kujera a gaba, ka mallaki littafin kwas ɗin tun makon farko, kuma idan da kwamfuta ake jarabawar, ka saba da ita tun kafin ranar. Ka tuna cewa ana bukatar halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa, kuma gwaje-gwajen cikin zango suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari, gwargwadon tsarin jami'arku.

Katin laburare abu ne na yini ɗaya, kada a ɗage shi. Manyan ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suna da sashen intanet inda ake samun mujallun ilimi da jami'a ta riga ta biya kuɗinsu, kuma ma'aikatan wurin za su nuna maka yadda ake bincike idan ka tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Asibitin makaranta ma haka yake. A cikin kuɗin da ka biya galibi akwai na kula da lafiya, a jami'o'i da dama ƙarƙashin shirin inshorar ɗalibai na TISHIP, don haka ka buɗe kati tun kana da lafiya. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a lokacin jarabawa: idan rashin lafiya ya hana ka rubuta wata takarda, ka sanar da asibitin jami'a da shugaban sashenku a rubuce ba tare da jinkiri ba. Takardar asibitin waje sai likitan jami'a ya tantance ta, kuma wanda ya yi shiru har sakamako ya fito yakan tarar an rubuta masa faɗuwa.

Sashen kula da harkokin ɗalibai shi ke raba ɗakunan kwana, kuma a yawancin jami'o'i ana samun ofishin ba da shawara a ƙarƙashinsa ko kusa da shi. Can ya kamata mai damuwa ya nufa, da wanda ya ga fannin da aka ba shi ya fi ƙarfinsa yana son sauyi, da ɗalibar da wani ke matsa wa lamba da abin da bai dace ba. Ina jaddada wannan na ƙarshe, domin shiru ne ke ƙara wa mai zalunci ƙarfin gwiwa. Ta ajiye saƙonnin waya, ta rubuta ranaku, ta kai ƙorafi a rubuce.

Wanda kuɗin makaranta ya gagare shi kuma, akwai Asusun Lamunin Karatu na Ƙasa, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a shekarar 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Bashi ne marar kuɗin ruwa, ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma biyansa yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ana neman lambar JAMB da ta NIN da ta BVN, kuma sai jami'arka ta riga ta aika da bayananka kafin buƙatar ta wuce. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun zo iri ɗaya a duk takardun nan, domin bambancin harafi ɗaya, kamar Muhammad a nan Mohammed a can, yana iya tsayar da buƙatar har wa'adin rajista ya cika. Idan ka ga irin wannan saɓani, ka fara neman gyara tun zangon farko, domin gyaran suna a waɗannan hukumomi yakan ɗauki makonni.