Kalmomin Turanci Masu Haruffa Biyar: Inda Yaranmu Ke Yawan Tuntuɓe

Ina koyar da Turanci da yamma a wani ɗan aji a Gwammaja, kuma yawancin ɗalibaina masu shirin WAEC da JAMB ne. A 'yan shekarun nan sai na ga yara suna zuwa da dogon jerin kalmomi a wayoyinsu: masu haruffa biyar da ke ɗauke da A da R, masu haruffa shida da suka fara da S, da makamantansu. Wasu Wordle ne ya ja su, wasan da Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, inda ake ba mutum dama shida ya canki kalma mai haruffa biyar. Wasu kuma Scrabble suke bugawa, wasan jera haruffa a haɗa kalmomi don cin maki, wanda Najeriya ta yi suna a kansa tun da Wellington Jighere ya ci kofin duniya a Perth ta Ostireliya a 2015, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Abin yana faranta min rai ƙwarai. Sai dai kurakuran da nake gyarawa kusan iri ɗaya ne kullum.

Wanda ya fi damuna shi ne haddace kalma tsurarta, babu ma'ana. Wata rana wani ɗalibi ya karanto min least, steal, stale, slate, yana murna ya gano haruffansu ɗaya ne. Na ce, "Madalla, ɗana. To mece ce stale?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, jerin bai faɗa ba." Stale ita ce abincin da ya kwana ya gaji, kamar burodin da ya yi kwana uku a kan tebur. Steal sata ce, least mafi ƙanƙanta, slate kuwa allon dutse da ake rubutu a kai. Kalmar da ba ka san ma'anarta ba kamar kuɗin wata ƙasa ne a aljihunka a Kantin Kwari: kana da su, amma ba za su saya maka ko yadi ɗaya ba. Abin da nake sa su yi shi ne su raba shafin littafi gida uku: kalmar, ma'anarta da Hausa, sannan jimla ta ƙashin kansu a kan abin da suka sani, ko a daidaita sahu ce ko cunkoson Ƙofar Wambai. Kalma biyar a rana ta wadatar. Kuma idan an buɗe ƙamus kada a tsaya a ma'anar farko, domin crane tsuntsu ne dangin gauraka, kuma shi ne injin ɗaga kaya a wurin gini. Plant shuka ce, kuma masana'anta ce.

Sai ƙirga haruffa da kunne. Rubutun Hausa yana da gaskiya, abin da ka ji shi za ka rubuta. Turanci ba haka yake ba. Knife, wato wuƙa, haruffa biyar ce amma ba a furta K ɗinta. Haka B a doubt, shakka, da thumb, babban yatsa, da W a wrist, wuyan hannu. Ga kuma bakinmu da ba ya son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa bread ta zama burodi. Yaron da ya saba cewa sukul zai ga baƙon abu idan aka nuna masa school. Akwai ma wani ɗan tarko da ba kowa ke lura da shi ba: a abacadar Hausa sh harafi ɗaya ne, a Turanci kuwa biyu ne, don haka shirt haruffa biyar ce cif. Maganin nan ɗaya ne, a rubuta kalmar a takarda, a ɗora yatsa a kan kowane harafi ana ƙirgawa.

P da F kuwa tsohon ciwonmu ne, mu Kanawa mun san shi. A magana akan gane abin da kake nufi, a rubutu kalma ce ta koma wata. Paint fenti ne, faint suma. Pound fam ne, found an samu. Haka V da B: vowel wasali, bowel hanji. Nakan sa ɗalibai su tsaya gaban madubi. Wajen F da V haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa. Wajen P da B leɓɓa biyu ne ke haɗuwa sannan su buɗe. Mako biyu ana yi, kunne zai fara rarrabewa, hannu ma ya bi.

Akwai kalmomin da haruffansu ɗaya, wuri kawai suka sauya, kuma su ne ke cin maki a jarrabawa: quiet shiru, quite sosai, angel mala'ika, angle kusurwa, diary littafin rubuta al'amuran yau da kullum, dairy kayan madara. Waɗannan a koye su bibbiyu, a jimla ɗaya in zai yiwu.

Masu Wordle sukan manta harafi yana iya zuwa sau biyu, kamar a apple da sheep da level, sai su ƙona damarsu suna neman sabon harafi. Su kuma tuna rubutun Amurka wasan yake bi, inda color da favor suke haruffa biyar, alhali a makarantunmu na Birtaniya muka gada, colour da favour, shida shida. Wanda zai rubuta insha'i ya riƙe ɗaya, kada ya cakuɗa.

'Yan Scrabble kuma tsoron Q suke yi, ga shi maki 10 ne da shi, daidai da Z. Sai yaro ya riƙe shi har wasa ya ƙare yana jiran U, domin a Turanci kusan kullum U ke bin Q. A jerin kalmomin da ake amfani da shi a gasar duniya akwai waɗanda ba sa buƙatar U, kuma wasunsu 'yan gida ne a wurinmu, domin daga Larabci suka fito: qadi shi ne alƙali, niqab niƙabi, faqir faƙiri. Ranar da na rubuta su a allo ajin ya ɗauki sowa, wata yarinya ta ce, "Malam, ashe mun riga mun san su!" Na ce mata ƙwarai kuwa, amma ta riƙe su don wasa, idan tana rubuta wasiƙa a jarrabawa kuma tana nufin alƙalin kotu, judge za ta rubuta, ita ma haruffa biyar, da D ɗin da ake yawan mantawa kafin G.