Darasi na 9: Facin Dodon Kunne

Can cikin kunne akwai wata siririyar fata mai kama da fatar kalangu. Ita ce dodon kunne. Faɗinta kamar santimita 1 ne. Idan sauti ya buge ta sai ta girgiza, ta motsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke bayanta, su kuma su miƙa sautin can ciki. Haka muke ji.

Wannan fata tana hujewa. Mari yana fasa ta, shi ya sa marin yaro a kunne ba horo ba ne, illa ce. Sosa kunne da tsinke ko ashana ko gashin kaza ma yana huda ta. Sai kuma ciwon kunne mai fitar da mugunya, wanda ake bari ya daɗe tun yarinta ana cewa zai wuce.

Sabuwar huda takan toshe da kanta cikin makonni, in dai ruwa bai shiga ba. Kada a ɗiga man ja ko ruwan albasa. In za a yi wanka, a shafa wa auduga man bazalin a toshe kunnen. Idan an yi wata 3 ba ta toshe ba, likitan kunne zai duba ko lokacin faci ya yi. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Yawanci ba da kayan waje ake facin ba. Likita yakan yanko ɗan siririn nama daga saman kunne, ƙarƙashin fatar kai, ko ɗan guringuntsin kunnen, ya shimfiɗa a kan hudar. Fatar mutum ce za ta tsiro a kai ta haɗe. Yawanci sai an kashe mugunya tukuna, kuma an yi gwajin ji. A cikin mutum 10 da aka yi wa aikin, facin 8 ko 9 yakan kama.

To, a nan ne nake so mu natsu. Kamawar faci daban, dawowar ji daban. Wanda fatar ce kawai ta huje, jinsa yakan ƙaru sosai. Amma idan mugunyar shekaru ta cinye ƙasusuwan nan 3, sai an gyara su ma, kuma jin ba lalle ya koma kamar da ba. In jijiyar ji ce ta lalace, faci ba ya dawo da ita, sai dai na'urar ƙara ji. Saboda haka tun kafin aiki a tambayi likita: "Jina zai dawo, ko mugunyar ce kawai za ta tsaya?"

Bayan aiki kunne zai yi ɗum na wasu makonni, don an cushe shi. Kada a tsorata. Kada a fyace majina da ƙarfi, a yi atishawa baki buɗe, a bar ɗaukar kaya mai nauyi. Wajen alwala, a kiyaye kada ruwa ya shiga ciki. Bayan kamar wata 3 ake sake gwajin ji, a gwada da na farko.

Aiki: Rubuta abubuwa 3 da ke huda dodon kunne. Sannan rubuta tambayar da za ka yi wa likita kafin faci.