Babi na Huɗu: Gyaran Yadin Auduga Kafin a Sa Shi a Rini

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A wannan babi ba za mu taɓa rini ba tukuna, don haka a ajiye garin kala a gefe. Aikinmu a kan yadin ne shi kansa. Yawancin rinin da kuke gani ya fito dabbare-dabbare, nan duhu can haske, ko ya koɗe bayan wanki biyu, tun kafin yadin ya shiga tukunyar rini aka yi ɓarnar.

Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba kada ya damu. A karanta layi ɗaya, a tsaya, a aikata, sannan a wuce na gaba. In an zo kan lamba, a ɗora yatsa a kanta a faɗe ta da baki.

Darasi na 1: Abin da ke jikin sabon yadi

Sabon yadin da ya fito daga masaƙa, irin akoko wanda bai yi fari tas ba, ba tsabtatacce ba ne ko da ido bai ga dauɗa ba. Akwai sitacin da ake shafa wa zaren tsaye don kada ya tsinke a injin saƙa. Akwai kaki da maiƙo da audugar ta taho da su tun daga gona. Ƙananan baƙaƙen ɗigon nan da kuke gani ɓarɓashin angurya ne. Ga kuma man inji da dauɗar hannu.

Rini ruwa ne yake ɗaukarsa ya kai shi cikin zare. Inda ruwa bai shiga ba, kala ba za ta shiga ba. Kaki kuwa korar ruwa yake yi, kamar yadda ruwa ke gangarewa a hannun da aka shafa wa mai.

Da farko a tabbatar yadin auduga ne zalla. A zaro zare kaɗan daga tsawo, kaɗan daga faɗi, a ƙona su nesa da sauran yadin. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta na takarda ne, tokarta mai laushi. In zaren ya narke ya dunƙule ya yi tauri, akwai roba a ciki, kuma kalar auduga ba ta kama roba komai gyaran da aka yi.

Sai gwajin ɗigo. A shimfiɗa busasshen yadi, a ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya, a fara ƙirga a hankali. A sabon akoko ɗigon zai zauna a dunƙule yana ƙyalli. A yadin da aka gyara zai nutse kafin a kai biyar. Ku riƙe wannan gwaji da kyau, za mu yi ta komawa gare shi.

Darasi na 2: Awo da cire sitaci

A ɗora yadin a sikeli yana bushe. Na ce yana bushe. Jiƙaƙƙen yadi nauyin ruwa ne a jikinsa, in aka auna shi haka duk lissafin sinadari ya karkace. A rubuta nauyin a takarda, kada a ce za a riƙe a ka.

A jiƙa yadin cikin ruwa mai ɗumi, ruwan ya rufe shi gaba ɗaya, ya kwana. Sitacin zai kumbura ya saki. Washegari a wanke da ruwan zafi a murza sosai. Kada a bar shi kwanaki a jiƙe, zai yi wari ya yi funfuna, zaren ya raunana. Manyan masana'antu suna da sinadarin da ke narkar da sitaci cikin ɗan lokaci, amma jiƙon ya ishe mu.

Don a san ko sitaci ya fita, a yanko ɗan ƙyalle daga gefe a ɗiga masa aidin, irin wanda ake sa wa rauni, wanda aka sirka da ruwa. In wurin ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi, da sauran sitaci, a sake wankewa da ruwan zafi. In ya tsaya ruwan ɗorawa, an gama. A ƙyallen ake ɗigawa, ba a tsakiyar yadi ba.

Darasi na 3: Dafa yadi da soda

Wannan shi ke fitar da kaki da maiƙo. Ga kowane kilo 1 na busasshen yadi, ma'aunin da nake koyarwa shi ne ruwa lita 20, soda ash (farin garin sinadarin wanki, ba sodar burodi ba) giram 30, sabulun ruwa giram 10. In yadinku rabin kilo ne, a raba komai biyu: ruwa lita 10, soda giram 15, sabulu giram 5. In kilo 2 ne, a ninka. Sabulun ya zama wanda ba a sa masa sinadarin ƙara fari ko na laushi ba, domin waɗannan suna barin wani abu a jikin zare da ke hana kala zama daidai.

Tukunya ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai rufin tangaran wadda ba ta ɓantare ba. Ban da tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. Tukunyar da ta dafa yadi kuma ba ta komawa girki. A sa safar hannu ta roba, a kare ido, a yi aikin inda iska ke shiga, a nisantar da yara.

A narkar da sodar a ruwa tukuna har garin ya ɓace, sannan a sa yadin a warware, ba a ninke ba. Ninki yana hana ruwa ratsawa, kuma layin ninkin zai fito ɓaro-ɓaro bayan rini. A kawo shi ga tafasa, a rage wuta, ya yi ta ɓararraka a hankali awa 1 zuwa 2. A riƙa juyawa da sanda. Duk inda yadi ya taso saman ruwa a danna shi, domin wurin da ya sha iska cikin zafin soda yana raunana, kuma ba ya karɓar kala kamar sauran. Ruwan zai rine ya koma ƙasa-ƙasa. Kada ku tsorata, dauɗar ce take fita. In ya yi duhu ƙwarai, a zubar a sake dafawa da sabon ruwa.

Wasu suna amfani da kostik soda. Ta fi ƙarfi, ta fi haɗari, tana ƙona fata, tana iya makantar da ido. Mai koyo ya tsaya a soda ash. Wanda zai taɓa kostik ya sani ita ake zubawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai.

Darasi na 4: Ɗauraya

A nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa, don haka a natsu. Ɗaurayar farko da ruwan zafi ake yi. Mu sake karantawa tare: ɗaurayar farko da ruwan zafi ake yi.

Ga dalili. Kakin da kuka wahala kuka narkar yana nan yana yawo cikin ruwan tukunya, zafi ne ya riƙe shi a narke. Da zarar an tsamo yadi an jefa shi cikin ruwan sanyi, kakin zai daskare ya koma ya manne a jikin zare. Kuma ba zai koma daidai ko'ina ba, nan da yawa can kaɗan. Shi ne dabbare-dabbaren da za ku gani bayan rini. Haka ma in aka kashe wuta aka bar yadin ya huce cikin ruwan dahuwa, kakin komawa yake yi.

Saboda haka, tun yadi yana kan wuta a ɗora wani ruwan ya yi zafi. Ba sai an sauke ba sannan a fara neman ruwan zafi. A tsamo yadin da sanda yana tururi, a sa shi kai tsaye cikin ruwan zafin nan, a juya, a zubar. A sake da wani ruwan zafi. Sannan ruwa mai ɗumi. Ruwan sanyi shi ne na ƙarshe. Zafi, zafi, ɗumi, sanyi. A faɗa da baki. A rubuta shi da hannu a bangon wurin aiki, wannan ma darasin rubutu ne.

Na san ɗora ruwa sau biyu akwai gajiya da cin makamashi. Sannunku da ƙoƙari. Wanda ya kuskure a karon farko yadinsa bai lalace ba, sake dafawa kawai zai yi.

Amma zan faɗa muku gaskiya, abin yana damuna. Ana gama bayani a aji kowa ya ce ya gane, ana zuwa wurin aiki sai in ga an nufi bokitin ruwan sanyi. Ku manya ne, kun san zafin nema. Ta yaya mutum zai sayi yadi, ya sayi soda, ya tsaya a gaban wuta awa biyu, sannan ya rushe aikinsa da hannunsa don ƙyuyar ɗora tukunya ɗaya? Daga baya a zo ana cewa kalar ce ba ta da kyau. Wanda ya ɗauraye da ruwan sanyi da farko kada ya kawo mini yadinsa yana tambayar abin da ya faru.

A ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fita garau, yadin ya daina santsi a hannu. Santsin nan sauran soda ne. A ruwan kusa da na ƙarshe a zuba ruwan khal, wato binega, kaɗan don ya kashe ragowarta, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. In ruwanku irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki ne, a nemi wani, yana barin farin gari a jikin yadi.

A shanya ya bushe ƙarau, a yi gwajin ɗigo. Ba wuri ɗaya ba: tsakiya, gefe, da kusurwoyi huɗu. In ko'ina ɗigon ya nutse kafin biyar, madalla. In wuri ɗaya ya tsaya, a koma Darasi na 3, kuma a wannan karon zafi, zafi, ɗumi, sanyi.

Darasi na 5: Fararta yadi

Ba kowane rini ke buƙatarsa ba. Baƙi, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa za su rufe launin auduga. Kala mai haske ce take son farin yadi. Haidurojin feroksaid, wani ruwan sinadari mai fararta yadi, ya fi bilic sauƙi ga zare. Ana sa shi da ɗan soda a ruwa mai zafi dab da tafasa, kamar awa 1, a bi ma'aunin da ke jikin mazubinsa. Kada tsatsa ta taɓa ruwan, tana huda yadi. Bilic na wanki yana cin zare in ya daɗe, kuma ba a taɓa haɗa shi da ruwan khal, hayaƙin da ke tashi guba ne. Kowanne aka yi amfani da shi, a ɗauraye sosai, ragowarsa tana kashe kala.

Darasi na 6: Yadi mai sheƙi

Wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844 cewa kostik soda mai kauri tana kumbura zaren auduga ya ƙara shan kala. Daga baya aka gano in an ja yadin ya miƙe yayin aikin yana yin sheƙi. Aikin masana'anta ne, ba na gida ba. In kun sayi irin wannan yadi, kalarsa za ta fi ta akoko duhu ko da ma'auni ɗaya aka sa.

A zama na gaba kowa ya zo da ƙyalle biyu daga yadi ɗaya, ɗaya dafaffe, ɗaya yadda aka saye shi, da takardar da ya rubuta nauyi a kai.