Kurakuran da aka fi yi wajen kallon gilashin Gotik da zanen tsofaffin littattafai

Wanda ya fara ganin tagogin majami'ar Chartres ta Faransa, wadda aka gina a salon Gotik na tsofaffin majami'un Turai, a waya yakan ɗauka fenti aka shafa wa farin gilashi. Nan kuskure yake farawa. Launin yana cikin jikin gilashin ne, kamar yadda baba ke kama zare a marina. Tun yana narke a wuta ake zuba masa ma'adinai: kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore. Jan yakan yi duhu har haske ya kasa ratsa shi, shi ya sa ake lulluɓa shi siriri a kan farin gilashi. Abin da ake zanawa da buroshi shi ne ido, gashi da ninkin tufafi, da wani baƙin haɗi na garin gilashi da tsatsar ƙarfe, sannan a gasa ya kama. Ruwan ɗorawan da ake samu daga azurfa kuwa sai wajen shekarar 1300 ya shigo Turai. In ka gan shi a gashin mutum, a kan gilashi guda da farar fuskarsa, to ka san aikin bai kai tsufan manyan tagogin Chartres ba, waɗanda aka yi akasarinsu a farkon ƙarni na 13, bayan gobarar 1194.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina dalma. Sai ka ji ana cewa baƙaƙen layukan nan sun ɓata hoton. Ai su ne zanen! Mai aikin yana yanka gilashi gunduwa-gunduwa, ya haɗa su da zaren dalma, kuma da gangan yake bi da shi ta gefen fuska da kafaɗa, don kada shuɗi ya malala cikin ja idan rana ta doka. Ka fara bin layin da ido kafin launi ya ɗauke maka hankali. In ka ga layi ya ratsa tsakiyar fuska ba dalili, galibi gyaran tsagewa ne da aka yi daga baya.

Ana kuma karanta taga daga sama zuwa ƙasa kamar shafin littafi, sai labarin ya birkice. Yawanci daga ƙasa ake farawa, hagu zuwa dama, a hau sama. A can ƙasan tagogin Chartres za ka ga masu gasa burodi, masu ɗinkin takalma da kafintoci suna bakin aikinsu. A majami'ar Sainte-Chapelle ta Paris, wadda aka keɓe a 1248, manyan tagogi 15 ne, tsayinsu wajen mita 15, ɗauke da hotuna 1,113. Ba mai gama su a ziyara ɗaya. Ka zaɓi taga guda, ka riƙe tabarau mai hangen nesa, ka tsaya daga ciki da rana, don daga waje toka-toka kawai za ka gani.

Zancen cewa tsohon gilashi yana gangarowa a hankali, shi ya sa ƙasansa ya fi kauri, ba gaskiya ba ne. Da hura baki aka yi shi, kaurinsa bai daidaita ba tun ranar farko.

Sai rikicin sunan kansa. Gotik na gine-gine ya faro ne daga majami'ar Saint-Denis kusa da Paris wajen 1144, kuma marubutan Italiya na baya ne suka laƙaba masa sunan don raini. Gotik na littattafai, mai kufai, kaburbura da dare, ɗan ƙarni na 18 da na 19 ne. Tagogi da yawa a cocin Ingila ma na zamanin Sarauniya Victoria ne. Ba su rasa kyau ba, amma kada a ba su shekarun da ba su yi ba.

Wanda ya haɗa sana'o'in biyu na gilashi da zanen littattafai shi ne Harry Clarke na Dublin ta ƙasar Ireland, da ya rasu a 1931 yana ɗan shekara 41. Ya yi tagogi a ɗakin ibada na Honan da ke Cork, ya kuma zana hotunan labaran marubucin Amurka Edgar Allan Poe a bugun 1919. Dubi yadda yake cika shafi da baƙar tawada, ya bar fari ya fito kamar haske ta taga. Hannun mai gilashi ne. Masu sa wa irin waɗannan zane launi a kwamfuta, ko su matse su a ƙaramin allon waya, suna kashe siraran layukan da aikin ya dogara a kansu. Ka nemi hoton da aka ɗauko daga tsohon bugu, ka buɗe shi a babban allo.

Haka Gustave Doré, mai zanen littattafai ɗan Faransa, wanda ya rasu a 1883. Ana yaba masa shi kaɗai, alhali shi zane yake yi a kan katako, wasu gwanaye su sassaƙa shi layi-layi kafin a buga. Duhun nan da ke tsorata mai kallo, hannunsu ne ya fitar da shi. Ka leƙa ƙasan hoton: galibi sunan Doré na hagu, na masassaƙin na dama, kuma sau da yawa za ka karanta Pisan ko Pannemaker.