Kafin Ka Nemi Tafiya Aiki Kanada, Tara Takardunka Tun Kana Kano

Duk wanda ya zo min da maganar tafiya aiki Kanada, shekarunsa nake fara tambaya. Tsarin Express Entry, wanda gwamnatin Kanada ta soma a 2015 don zaɓar ƙwararrun ma'aikatan da za ta ba izinin zama, lissafi ne zalla: ana ba mutum maki a kan shekaru, karatu, harshe, gogewar aiki da sauransu, mafi yawa 1,200, sannan a gayyaci waɗanda ke sama. Ɗan shekara 20 zuwa 29 ne ke samun cikakken makin shekaru. Daga 30 makin ya fara zaizayewa ke nan duk shekara, a 45 kuma ba ya da ko ɗaya. Saboda haka mai cewa "bari in gama ginin nan tukuna" ya san cewa makinsa yake zubarwa.

Amma abin da na ga ya fi kayar da mutanenmu takarda ce. Mu Kanawa mun saba aiki bisa amana. Sai ka ga saurayi ya shekara shida yana riƙe da lissafin shagon kawunsa a Kantin Kwari, ya iya aikin sosai, amma albashi a hannu ake ba shi, ba abin da aka rubuta. Hukumomin Kanada kuwa wasiƙa suke so daga wurin aikin, mai nuna muƙaminka, ayyukan da kake yi, awowin aiki a mako, da albashi. Roƙi maigidanka tun yau ya riƙa biyanka ta banki, kai kuma ka adana shaidar.

Sai suna. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a fasfo, ranar haihuwa daban a NIN. Gyara wannan da wuri, don yana cin watanni. Sakamakon karatunka ma, ko daga Jami'ar Bayero ko wata, makarantar ce za ta aika wa hukumar tantancewa irin WES, kuma tantancewar tana aiki shekara 5.

Jarrabawar Turanci ta IELTS kuwa shekara 2 kawai take yi, kar ka rubuta ta tun sauran takardu ba su kusa haɗuwa ba. Nemi 8 a sauraro da 7 a sauran ukun, wato karatu, rubutu da magana. A nan makin ke ɗagawa sosai. Wanda kuma yake jin Faransanci, musamman masu dangi a Maraɗi ko Damagaram, ya riƙe shi da kyau, domin yana iya ƙara har maki 50.

Kuɗin da za ka nuna a asusu, shaidar za ka iya riƙe kanka a can, dole ya zama naka, ba rance ba. Miliyoyin da suka faɗo dare ɗaya sai an tambayi asalinsu, don haka fara tarawa a hankali a asusu guda mai sunanka.